MORIHEI UESHIBA: ALMAJIRIN DA YA SHA YAWON NEMAN MALAMI KAFIN YA KAFA AIKIDO

Duk wanda ya sauka baƙo a wani babban birni, ko a Turai ko a Amurka ko a ƙasar Japan kanta, ya yi niyyar fara koyon wasan kare kai da ake kira Aikido, akwai abin da zai ɗaure masa kai tun ranar farko. Zai tarar da ƙungiyoyi uku ko huɗu a cikin garin, kowacce tana cewa Aikido take koyarwa, kuma a galibinsu zai ga hoton wani tsoho ɗan ƙarami mai farin gemu an rataye shi a bango, ana rusuna masa kafin a fara horo. Amma idan ya zauna ya kalla, sai ya ga waɗannan suna yi a hankali kamar masu rawa, waɗancan suna yi da tsanani kamar sojoji, wasu kuma sanda da takobin katako ne ba sa barin hannunsu. Tsohon nan da ke cikin hoto shi ne Morihei Ueshiba, wanda almajiransa ke kira O-Sensei, watau Babban Malami. Dalilin wannan bambanci kuwa yana cikin tarihin rayuwarsa, domin shi ma ya sha zama baƙo a garuruwa da dama, yana neman wanda zai koya masa.

Haihuwarsa da ƙuruciyarsa

An haifi Morihei Ueshiba ran 14 ga watan Disamba, 1883, a Tanabe, wani gari na bakin teku a lardin Wakayama na ƙasar Japan. Mahaifinsa, Yoroku, manomi ne mai wadata, kuma ya daɗe yana cikin majalisar ƙauyensu. Morihei shi kaɗai ne ɗa namiji a gidan, ya kuwa taso ba shi da ƙarfin jiki, ya fi son zama da littattafai da sauraron malaman addinin Buddha da ke koyar da yara a garin. Ganin haka sai uban ya sa shi kokawar gargajiya ta Japan da ake kira sumo, da kuma iyo a teku, don jikinsa ya yi ƙwari.

Da ya yi wayo ya koyi lissafi, har ya sami aiki a ofishin haraji, amma bai daɗe ba ya ajiye. Yana da wajen shekara 18 ya tafi Tokiyo ya buɗe kantin sayar da kayan rubutu. A can ne ya fara neman malamin faɗa, ya shiga wata makarantar jujutsu, watau tsohuwar dabarar kayar da abokin gaba da murɗe masa gaɓoɓi ba tare da makami ba. Wannan karatu bai yi nisa ba, saboda ciwon nan na kumburin ƙafa da kasala wanda ke kama masu yawan cin farar shinkafa zalla ya kwantar da shi. Ya bar kantin, ya koma gida Tanabe, ya auri wata yarinya mai suna Hatsu Itokawa wadda suka san juna tun suna yara.

A shekarar 1903 aka kira shi aikin soja. Da farko an ƙi ɗaukarsa don tsawonsa bai kai ƙafa 5 da inci 2 da doka ta tsayar ba. Ana ba da labarin cewa ya riƙa rataya a rassan itatuwa da nauyi a ƙafafunsa har ya cike gurbin. Da aka sāke gwada shi aka ɗauke shi, aka kai shi bataliyar Osaka, ya yi suna wajen sarrafa banati, ya kai muƙamin saje, kuma yana cikin soja aka yi yaƙin Japan da Rasha na 1904 zuwa 1905. Ko a lokacin nan, duk ranar da ya sami hutu sai ya nufi garin Sakai wurin wani malami mai suna Masakatsu Nakai, yana ɗaukar darasi. Bayan ya bar soja mahaifinsa ya gina masa zauren horo a gida, ya ɗauko wani malamin judo don ya koya masa.

Haɗuwa da Takeda

A shekarar 1912 gwamnatin Japan tana ba da filaye a tsibirin Hokkaido, can arewa, ga duk mai son ya sare daji ya yi noma. Ueshiba ya jagoranci gidaje 54, mutum fiye da 80, suka tafi suka kafa ƙauyen Shirataki. Wuri ne mai tsananin sanyi, ƙanƙara takan rufe ƙasa wata da watanni, kuma shekarun farko amfanin gona bai yi kyau ba, sai da suka koma ga sana'ar katako da kiwon dawaki da noman na'ana'a sa'an nan suka farfaɗo.

A can ne, cikin 1915, a wani masauki da ke garin Engaru, ya gamu da mutumin da ya sauya masa rayuwa, Sokaku Takeda, malamin salon jujutsu da ake kira Daito-ryu. Takeda gajere ne ƙwarai, mai zafin rai da rashin yarda da mutane. Ba shi da zaunanniyar makaranta, yawo yake yi gari gari yana koyar da 'yan sanda da alƙalai da hafsoshi na kwana goma goma, yana sa a rubuta sunan kowane ɗalibi da kuɗin da ya biya a cikin littafi. Ueshiba a lokacin yana da shekara 31, yana ji da ƙarfinsa, amma Takeda ya yi ta kayar da shi yadda ya ga dama. Nan take ya ajiye abin da ya kawo shi garin, ya zauna wajen wata guda yana koyo. Daga baya ya ɗauko malamin zuwa Shirataki, ya riƙa yi masa hidima da kansa, ya kashe dukiya mai yawa a kan wannan karatu. Yawancin dabarun da ake gani a Aikido yau, na murɗe wuyan hannu da danne gwiwar hannu da jefar da mutum, tushensu daga Daito-ryu ne.

A ƙarshen 1919 aka bugo masa waya cewa mahaifinsa ba shi da lafiya ƙwarai. Ya bar wa Takeda gidansa, ya kama hanya. A cikin tafiyar ya ji labarin wani shugaban addini mai suna Onisaburo Deguchi, na ɗariƙar Omoto, sai ya ratse zuwa garin Ayabe don neman a yi wa uban addu'a. Kafin ya isa Tanabe mahaifin ya rasu, ran 2 ga Janairu, 1920.

Zaman Ayabe

Rasuwar nan ta girgiza shi. Cikin 'yan watanni ya kwashe iyalinsa ya koma Ayabe ya zama mabiyin Deguchi. A wannan shekara kuma 'ya'yansa maza biyu ƙanana suka rasu. Deguchi ya ba shi aikin kula da gonakin ɗariƙar, ya kuma ƙarfafa masa gwiwa ya buɗe zauren horo, wanda shi ne makarantarsa ta farko. A 1921 aka haifa masa ɗa, Kisshomaru, wanda daga baya ya gaje shi. A 1922 Takeda ya zo Ayabe ya yi watanni, ya ba shi takardar izinin koyarwa a madadinsa, bisa sharaɗin zai riƙa biyan malamin yen 3 a kan kowane sabon ɗalibi. Maganar kuɗin nan tana cikin abubuwan da suka ɓata tsakaninsu a baya.

A 1924 Ueshiba ya bi Deguchi zuwa Mongoliya, inda shugaban ke burin kafa wata daula ta addini. Tafiyar ba ta yi daɗi ba. Sojojin wani madugun yaƙi na ƙasar Sin suka kama su a garin Tongliao, aka harbe abokan tafiyarsu 'yan Sin, su ma aka sa musu mari ana shirin kashe su, sai ƙaramin jakadan Japan ya sa baki aka mayar da su gida. Shekara guda bayan haka, a 1925, wani hafsan sojan ruwa gwanin takobi ya kai masa sara da takobin katako, shi kuwa ba makami a hannunsa, ya yi ta gocewa har hafsan ya gaji ya haƙura. Ueshiba ya sha faɗa wa almajiransa cewa bayan wannan karo ne ya fahimci manufar koyon faɗa ita ce kare rayuka, har da ran wanda ya kawo harin. Daga Takeda ya sami dabara, daga Deguchi kuma ya sami tunanin da ya ɗora dabarar a kai.

Tokiyo da shekarun yaƙi

Labarinsa ya kai kunnen wani babban hafsan sojan ruwa, Isamu Takeshita, wanda ya gayyace shi Tokiyo ya nuna gwanintarsa a gaban manya. A 1927 ya koma birnin da zama. A 1930 Jigoro Kano, wanda ya kafa judo, ya zo da kansa ya kalli horonsa, abin ya burge shi har ya aiko da ɗalibansa, cikinsu da Minoru Mochizuki, su koya. A 1931 aka buɗe masa zauren Kobukan a unguwar Ushigome. Saboda tsananin horon da ake yi a ciki mutane suka laƙaba masa sunan zauren jahannama. Ba kowa ake karɓa ba a lokacin, sai wanda ya kawo mutum biyu sanannu suka tsaya masa. Wasu ɗaliban kuwa a gidan malam suke kwana, suna shara da wanki da rakiya, kamar yadda almajirai ke yi.

Duk da wannan tsanani, ƙa'idojin horo da aka rubuta a zauren cikin shekarun nan sun hana ɗalibai gwada ƙarfi a tsakaninsu, sun umarce su su bi abin da malami ya nuna, su fara da motsa jiki a hankali kafin su tsananta, kada su tilasta wa jiki abin da ba zai iya ba, kuma a yi horo cikin fara'a.

Akwai ɓangaren tarihinsa da masu yabonsa ba su cika ambata ba. A waɗannan shekaru Japan tana mamaye ƙasashen maƙwabta, Ueshiba kuwa yana koyarwa a makarantun sojan ƙasa da na ruwa, da na 'yan sandan soja, da makarantar 'yan leƙen asiri ta Nakano, ya kuma ziyarci Manchuria sa'ad da take ƙarƙashin ikon Japan. Manyan abokansa hafsoshi ne da masu zafin kishin ƙasa. A watan Disamba na 1935, da gwamnati ta murƙushe ɗariƙar Omoto ta kama Deguchi ta rushe gine-ginenta, ɗalibansa da ke cikin manyan 'yan sanda ne suka kāre shi daga ɗauri. A 1936 kuma Takeda ya bayyana ba zato a zauren horo na kamfanin jaridar Asahi a Osaka, inda Ueshiba ke koyarwa, ya karɓe ɗaliban. Ueshiba ya bar masa wurin ya koma Tokiyo, daga nan hanyarsu ta rabu. Takeda ya rasu a 1943.

Komawa gona

A 1942 ne aka tsayar da sunan Aikido a hukumance. Kalmar ta haɗa abu uku: ai, watau haɗuwa ko jituwa, ki, watau ƙarfin rai, da do, watau hanya. A wannan shekara Ueshiba, wanda ba ya jin daɗin jikinsa, ya ajiye dukan muƙamansa, ya bar wa ɗansa Kisshomaru zauren Tokiyo, ya koma ƙauyen Iwama a lardin Ibaraki tare da matarsa. Ya daɗe da ra'ayin cewa noma da horon faɗa abu ɗaya ne. Ya gina ƙaramin zaure da wurin ibada, ya shiga noma, yana kuma zurfafa nazarin sanda da takobin katako.

Da aka ci Japan da yaƙi a 1945, sojojin mamaya na Amurka suka hana koyar da fasahohin faɗa. Zauren Tokiyo ya tsira daga gobarar bama-bamai, amma iyalai da dama waɗanda gidajensu suka ƙone suka tare a cikinsa shekara da shekaru. A Iwama aka ci gaba da horo ba da hayaniya ba. A 1946 wani saurayi ma'aikacin jirgin ƙasa, Morihiro Saito, ɗan wannan yanki, ya shigo. Da yake aikinsa na kwana guda ne a huta kwana guda, ya sami damar zama kusa da malam, yana taya shi noma yana koyo, har shekara 23.

A 1948 Ma'aikatar Ilmi ta Japan ta amince da ƙungiyar Aikikai. Kisshomaru ne ya ɗauki nauyin tafiyar da ita. Ya buɗe ƙofa ga kowa, mace da namiji, yaro da babba, ya tsara darussa yadda ɗan koyo zai iya bi, ya kafa ƙungiyoyi a jami'o'i. Daga baya aka nuna Aikido ga jama'a a kan rufin babban kantin Takashimaya da ke Tokiyo, abin da tsohon bai so ba da fari, don a ganinsa dabarun ba na nunawa a fili ba ne. Mochizuki ya kai wasan Faransa a 1951, Tadashi Abe ya bi bayansa a 1952, Koichi Tohei kuma ya kai shi Hawaii a 1953.

Da tsufa ya zo, motsin Ueshiba ya ƙara laushi da kewayawa. Yakan yi dogon jawabi a kan addini da zaman lafiya, wanda yawancin matasan ɗalibansa suka ce ba su gane ba, kuma ba ya cika bayyana dabara dalla-dalla, sai ya yi sau ɗaya ko biyu ya ce a yi. Gwamnati ta ba shi lambar girma a 1960 da 1964. A 1961 ya ziyarci Hawaii. Ya rasu ran 26 ga Afrilu, 1969, da ciwon daji na hanta, yana da shekara 85. Matarsa Hatsu ta bi shi bayan wata biyu. Kabarinsa yana Tanabe.

Rassan da suka fito

Tun da yake ya yi wajen shekara 50 yana koyarwa, kuma salonsa bai tsaya wuri ɗaya ba, kowane almajiri abin da ya tarar ya ɗauka. Gozo Shioda, wanda ya shiga Kobukan a 1932, ya kafa Yoshinkan a 1955, salo mai tsauri da ake koyarwa mataki mataki, har 'yan sandan kwantar da tarzoma na Tokiyo suka riƙa zuwa horo a wurin. Kenji Tomiki, wanda gwanin judo ne tun kafin ya zo, ya shigar da gasa cikin wasan a Jami'ar Waseda, abin da sauran rassa ba su yarda da shi ba. Tohei ya fi mai da hankali ga numfashi da natsuwa, ya bar Aikikai a 1974 ya tsaya da tasa ƙungiya. Saito ya riƙe salon Iwama mai yawan aiki da sanda da takobi har rasuwarsa a 2002. Aikikai ita ce mafi girma, ba ta yin gasa, kuma shugabancinta yana hannun zuriyar Ueshiba: Kisshomaru ya riƙe har ya rasu a 1999, ɗansa Moriteru ya gaje shi. Yau ana yin Aikido a ƙasashe fiye da 100.

Abin da ɗan koyo zai duba

Saboda haka baƙon da ke neman ƙungiyar da zai shiga, tambayarsa ta farko ita ce wurin wa malamin ya koya, kuma wace uwar ƙungiya ce ke ba da shaidar matakansa. Wannan yana da amfani musamman ga mai yawan ƙaura, domin shaidar da wani reshe ya bayar ba lalle ne wani ya karɓe ta ba. Amma suna kaɗai ba ya isa. Ueshiba bai bi Takeda don takarda ba, sai da ya taɓa shi ya ji abin da ke hannunsa. Ƙungiyoyi da yawa sukan bar baƙo ya zauna ya kalli darasi, ko ya gwada sau ɗaya kafin ya biya, ya kamata kuwa ya yi haka a wuri fiye da ɗaya.

Idan ya zauna kallo, ya lura da yadda ake koya wa sababbi faɗuwa. A Aikido mutum biyu ne ke aiki tare, ɗaya ya kawo hari ɗaya ya kayar da shi, sa'an nan su yi musanya, watau rabin lokacin horo a faɗuwa yake tafiya. Wurin da ake jefar da sabon shiga kafin a koya masa mirginawa, ko ake murɗe masa hannu bayan ya buga tabarma alamar ya ji zafi, ya saɓa wa ƙa'idojin da aka rubuta tun zamanin Kobukan. Ya duba ko manyan ɗalibai suna yarda su yi horo da ƙanana, ko akwai mata da dattawa a kan tabarmar, ko fuskokin mutane a sake suke. Ya tambayi kuɗin wata da na jarrabawa da na tufafi tun da wuri, a yi magana a fili, don an ga yadda batun yen 3 ya shiga tsakanin manyan malamai biyu. Ya kuma auna nisan wurin da gidansa da lokacin tashinsa daga aiki. Wasan yana cin shekaru kafin a kai ga baƙar ɗamara, kuma Saito bai yi shekara 23 a gaban malaminsa ba sai don gidansa yana kusa kuma aikinsa ya ba shi sarari.

Ƙauyen Iwama yanzu yana cikin birnin Kasama, tun da aka haɗe su a 2006. Zauren da Ueshiba ya gina yana nan ana horo a cikinsa, kuma kowace shekara ran 29 ga Afrilu ɗalibai daga ƙasashe daban daban sukan taru a wurin ibadar da ke gefensa don tunawa da shi.